Haɗarin rage wa injin mota mai ba tare da an saita shi ba

Tun bayan da shugaban Najeriya Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, ɗaya daga cikin buƙatun da direbobi suka fi kai wa kanikawa a arewacin ƙasar ita ce a rage wa abin hawansu shan mai.

Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki kaɗan, kuma a watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar.

Wannan ya sa wasu suka matse kafireta, wasu suka sauya inji baki ɗaya, wasu kuma suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas.

A yankin Kankiya da Kusada da ke tsakiyar jihar Katsina, inda babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya da Kankiya da Charanchi, mota ko babur jari ne da iyali guda ke dogaro da shi. Idan inji ya lalace, to abincin gida ne ya tsaya.

To sai dai kuma akwai wani haɗari da ke biyo bayan irin waɗannan sauye-sauye wanda ba kasafai ake ganinsa da ido ba, wato injin ya riƙa aiki da man da bai kai gwargwadon iskar da yake zuƙa ba, kafin a sake saita shi.

Me ake nufi da ƙarancin mai a cikin inji?

Injin fetur ba mai kaɗai yake ƙonawa ba. Yana cakuɗa mai da iska ne, fistin ya matse su a cikin silinda, sannan fulogi ya ba da tartsatsin wuta.

Domin man ya ƙone ƙurmus, ana buƙatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Wato kowace lita ɗaya ta mai tana buƙatar iska kimanin lita 9,000.

Idan mai ya fi wannan ƙima, mota za ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, aljihun mai ita kuma ya ji a jikinsa. Wannan kowa ya san shi, domin ana gani.

Idan kuwa iska ce ta rinjayi mai, ba a ganin hayaƙi. Hasali ma direba na iya jin daɗi a kwanakin farko, ganin cewa allurar mai ba ta saurin sauka.

Ya kamata a lura cewa wannan bayani bai shafi injin dizal ba. Shi injin dizal an ƙera shi ne ya yi aiki da iska mai yawa, don haka manyan motocin dakon kaya suna da nasu hukuncin daban.

Me ya sa abin ke da haɗari?

Fetur yana da aiki biyu a cikin inji. Na farko shi ne ba da ƙarfi. Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne sanyaya cikin silinda.

A duk lokacin da ɗigon mai ya zama tururi, yakan zuƙe wani ɓangare na zafin da ke kewaye da shi, kamar yadda ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yake sanyaya wanda ke cikinta.

Saboda haka ne masu ƙera motoci suke tsara inji ya ƙara mai da gangan a lokacin da aka taka totur zuwa ƙarshe. A irin wannan hali ƙimar kan sauko zuwa kilo 12.5 ko 13 na iska ga kilo ɗaya na mai. A injinan da ke da turbo takan sauko har zuwa 11 ko 12.

Wannan rarar man ba asara ba ce. Ita ce garkuwar inji a lokacin da yake cikin tsananin aiki.

Idan aka cire ta, injin da ke ɗauke da kaya zai koma ƙona cakuɗar da ta fi kowace zafi, a daidai lokacin da ya fi buƙatar sanyi.

Zafin wutar da ke cikin silinda yakan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyas, alhali kuwa alminiyon da ake yin fistin da shi yana narkewa ne a wajen digiri 660. Abin da ke hana fistin narkewa shi ne wutar ba ta daɗewa, kuma akwai wani siririn labulen iska da ke kwance a kan ƙarfen yana kare shi.

Idan zafi ya yi yawa, sauran cakuɗar da ke gefen silinda takan fashe da kanta kafin wutar fulogi ta iso gare ta. Wannan fashewa ita ce direba ke ji kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani idan yana hawan tudu ko yana ƙoƙarin wuce wata mota.

Kowace fashewa irin wannan tana yaye labulen iskar nan, tana kuma dukan kan fistin kamar guduma. A hankali sai gefen fistin ya fara zaizayewa, zobbansa su karye, ko gasket ɗin kan inji ya ƙone.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Idan bakin fulogi ya yi ja saboda zafi, yakan kunna cakuɗar tun kafin lokacinta, fistin yana hawa wuta tana danno shi. Wannan kan iya huda fistin cikin daƙiƙoƙi.

A ɗaya ɓangaren kuma, idan iska ta yi yawa ƙwarai, wutar takan ci a sanyaye, har a buɗe bawul ɗin fitar hayaƙi ba ta gama ci ba. Wannan shi ke ƙona bawul, shi ne kuma ke sa mota ta riƙa tari ta bakin kafireta.

Bugu da ƙari, zafin yana tsinka baƙin mai, ya rage masa kauri. Ta nan ne matsalar da ta faro daga kafireta kan ƙare da abin da kanikawa ke cewa inji ya buga.

Waɗanne sauye-sauye ne ke jawo shi?

Na farko shi ne taɓa kafireta. Sukurun da ake juyawa a gefenta galibi silo kawai yake shafa, don haka haɗarinsa da sauƙi. Amma sanya jet mai ƙaramin rami, ko rage matakin man da ke cikin kofin kafireta, yana rage mai a duk tsawon tafiya, har da lokacin da ake tsananin gudu.

A babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, akan saukar da allurar kafireta domin a tsuke hanyar mai. Su kuwa waɗannan injina ba su da lagireto, iska ce kaɗai ke sanyaya su, don haka sun fi saurin jigata. Haka abin yake ga janareto da injin ban ruwa na masu noman rani.

Na biyu shi ne cire matatar iska ko huda ta. Idan ƙura ta toshe matata, wasu kan cire ta gaba ɗaya maimakon su sayi sabuwa. A injin kafireta wannan yana ƙara iska, yana kuma rage ƙarfin da ke zuƙo mai daga jet. Ga kuma ƙurar da za ta shiga tana cin bangon silinda.

Na uku shi ne sauya salansa, ko fasa tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Idan hayaƙi ya samu hanyar fita cikin sauƙi, injin kan zuƙi iska fiye da yadda aka tsara masa.

Na huɗu shi ne haɗa kayan da ba na gida ɗaya ba. Yawancin motocin haya da ke bin hanyar Kano zuwa Katsina, kamar Golf da Sharan da Hiace, tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai, kuma da wuya a samu wadda ba a taɓa buɗe injinta ba. Idan aka ɗora inji mai lita 1.8 a kan ƙwaƙwalwa da nozul na inji mai lita 1.6, man da za a ba shi na ƙaramin inji ne. Haka nan idan aka cire tsarin nozul aka dasa kafiretar wata mota daban.

Na biyar ba sauyi ba ne, tsufa ne. Famfon mai da ya yi rauni, ko matatar mai da ta toshe, ko tiyon iska da ya tsage, duk suna haifar da sakamako iri ɗaya. Mafi yawan motocin nozul suna buƙatar matsin mai na kusan ba 3 zuwa 4. Famfon da ya gaza yana iya wadatar da inji a cikin gari, amma ya kasa a kan babbar hanya.

Shin ƙwaƙwalwar mota ba ta gyara wannan da kanta?

Tana gyarawa, amma da iyaka.

A shekarar 1976 ne kamfanin Volvo ya fara sanya na'urar auna iskar oksijin ta kamfanin Bosch na Jamus a bututun hayaƙin motocinsa. Aikinta shi ne ta shinshina hayaƙi ta faɗa wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta daidaita.

To amma wannan gyara yana aiki ne a lokacin tafiya ta yau da kullum. A mafi yawan tsofaffin motoci, da zarar an taka totur har ƙasa, ƙwaƙwalwar takan daina sauraren na'urar, ta koma kan jadawalin da aka rubuta mata tun daga masana'anta.

Shi kuwa wannan jadawali bai san an sauya salansa ba, bai san an ɗora wani inji ba.

Ma'ana, motar da ke tafiya lafiya lau a cikin garin Kankiya tana iya shiga haɗari a daidai lokacin da direba ya cika ta da fasinja da buhunan hatsi, ya fito zai wuce tirela a kan hanyar Tsanyawa.

Har ila yau, ƙwaƙwalwar ba ta iya ƙara mai fiye da kimanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Idan ta kai ƙarshen ikonta sai ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da na fetur a Tarayyar Turai tun daga 2001, suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Idan ta nuna lamba P0171 ko P0174, to tana cewa ne iska ta fi ƙarfin mai.

Abin takaici shi ne wasu kan cire ƙwan fitilar, ko su rufe ta da baƙin salatif, musamman idan za a sayar da mota.

Ina batun mayar da mota mai amfani da gas?

A shekarar 2023 gwamnatin tarayya ta kafa shirin shugaban ƙasa na amfani da iskar gas ta CNG a ababen hawa, da burin sauya motoci miliyan ɗaya zuwa shekarar 2027. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta horar da kanikawa kan wannan aiki.

Iskar gas tana da nata lissafin. Kilo ɗaya nata yana buƙatar kusan kilo 17 na iska. Ba ta saurin fashewa da kanta kamar fetur, kuma wannan alheri ne.

Sai dai tana shiga inji ne a busasshe. Ba ta sanyaya bawul kamar yadda tururin fetur ke yi, kuma wutarta ta fi cin lokaci. Don haka idan aka tsuke ta domin a ƙara samun rangwame, bawul da mazauninsa su ne ke fara shan wuya. A tsarin da ke haɗa gas da iska tun daga bakin inji, wutar kan iya komowa baya ta fasa akwatin matatar iska.

Direba zai kuma lura cewa ƙarfin mota ya ragu da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Wannan ɗabi'ar gas ce, amma takan sa mutum ya riƙa danne totur, abin da ke ƙara wa inji zafi.

Saboda haka ɗaura tulun gas rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a jona kwamfuta, a daidaita yawan gas da abin da injin ke buƙata a kowane mataki, a gwada a kan hanya, sannan a riƙa duba tazarar bawul a kai a kai.

Akwai kuma haɗarin tulun kansa. Ana ɗura CNG ne da matsin da ya kai ba 200, wanda ya ninka na tukunyar gas ta girki sau da yawa. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wani gidan sayar da gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata. Hukumomi sun ce tulun da aka ɗaura mata ba wanda aka amince da shi ba ne, haɗin walda ne.

Man da ake sha ma yana da tasiri

A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun tabbatar da cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda ke ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Masu motoci da dama sun koka da lalacewar injina, kuma janye man daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka na makonni.

Kilo ɗaya na metanol yana buƙatar iska kilo 6.4 ne kacal, ƙasa da rabin abin da fetur ke buƙata. Idan ya yi yawa a cikin tanki, injin zai ci gaba da zuƙar iskar da ya saba, amma abin da zai ƙona ya ragu. Ga shi kuma yana cin roba yana janyo ruwa.

A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, inda ake dogaro da 'yan bumburutu, datti da ruwan da ke kwantawa a gindin jarka suna toshe matata da nozul. Injin da aka riga aka matse wa mai ba shi da sauran rarar da zai jure wannan.

Hunturu da bazara

Yanayin ƙasar Katsina yana gwada inji ta fuska biyu.

Da sanyin asuba a watannin Disamba da Janairu, iska takan yi nauyi, wato oksijin ya fi yawa a cikin kowace zuƙa. Kafireta ba ta iya gane wannan. Wadda aka saita da tsakar rana a kan iyaka, da asuba za ta gaza.

A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da ke shiga inji da ma da zafinta take shiga, lagireto kuma yana aiki a ƙarshen ikonsa. A nan ne fashewar da aka ambata ta fi saurin aukuwa.

Ƙurar hunturu tana kuma kwantawa a kan na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin nozul. Idan ta yi datti sai ta ba da rahoton iska ƙasa da wadda ta shiga, ƙwaƙwalwa ita kuma ta rage mai.

Ta yaya za a gane?

Alamun sun haɗa da mota ta riƙa shaƙewa idan an taka totur, da rashin tsayuwar silo, da wahalar tashi da safe, da tari ta bakin kafireta, da ƙarar tsakuwa a kan tudu, da hawan allurar zafi a doguwar tafiya.

Fulogi ma shaida ne. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, lafiya ƙalau. Idan ya yi fari fat, ko ya yi ƙuraje, ko aka ga ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikinsa, to zafi ya wuce kima. Sai dai a sababbin motoci da masu amfani da gas, fulogi kan yi haske ko da babu matsala, don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne idan mota ta fara zafi sai a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. Wannan yana saukar da allura a gaban direba, amma zafin da ke kan fistin da bawul yana nan yadda yake.

Me ya kamata a yi kafin a saita inji?

Idan ya zama dole a tuƙa motar da aka yi wa sauyi, to tafiyar ta zama daga gida zuwa gareji kawai. A bi a hankali, babu lodi, babu tsere, babu danne totur. Kada a bar mota a babbar giya tana nishi a kan tudu, a sauko da giya. Da zarar an ji ƙarar tsakuwa, a ɗaga ƙafa.

Kafin a taɓa saiti, a fara tabbatar da lafiyar injin: matatar iska da ta mai, matsin famfo, tiyoyin iska, fulogi da taimin. Saita injin da ke da tsagaggen tiyo aikin banza ne.

A riƙa yin sauyi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya sauya salansa da kafireta da matata a rana guda, ba zai san wanne ne ya kawo matsala ba.

Shi kuma saiti na gaskiya da awo ake yinsa. Akwai na'urar da ake sanyawa a bututun hayaƙi tana nuna ƙimar iska da mai yayin da mota ke tafiya, akwai kuma na'urar bincike da ke nuna yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi. Idan gyaran ya wuce kashi 10 cikin ɗari, akwai abin dubawa. Kunnen ƙwararren bakanike yana da amfani wajen silo, amma ba ya jin abin da ke faruwa a cikin silinda a gudun kilomita 100.

Inda babu irin waɗannan na'urori a kusa, tafiyar kilomita 60 daga Kankiya zuwa Katsina, ko kuma tafiya zuwa Kano, ta fi sauƙi a kan sayen wani inji. Idan kuma babu hali, ƙa'idar da masu saita injina suka yarda da ita a ko'ina ita ce gara mai ya ɗan yi yawa da ya yi kaɗan.

To shin babu riba ko kaɗan?

Akwai, amma ba ta da yawa. A tafiya mara nauyi, ɗan rinjayen iska yana rage shan mai kaɗan. Kamfanoni irin su Honda na Japan sun ƙera injina na musamman a kan wannan tun cikin shekarun 1970, sai dai sun sake fasalin cikin silindar ne baki ɗaya, ba jet kawai suka sauya ba.

Ga injin da ba a ƙera shi domin haka ba, rangwamen ya fi samuwa ta hanyoyin da ba su da haɗari: cika iskar taya yadda ya kamata, sabunta fulogi da matata, gyara birkin da ke kamawa, rage gudu, da kauce wa lodin da ya wuce kima, wanda da ma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta haramta.

Kuɗin 'yan litocin da aka tsimi a mako ba za su sayi fistin da zobba da gasket ba, balle a biya kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. Direban da ya nemi a matse masa mai ba tare da awo ba, yana iya zama wanda garin neman gira ya rasa ido.